Shekara 16 a Kan Ƙanƙara: Ireen Wüst da 'Yan Matan Ƙofar Marke

An haifi Ireen Wüst ranar 1 ga Afrilu, 1986, a Goirle, wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar Holan dab da iyakar Beljiyam. Sana'arta tseren zamiya a kan ƙanƙara. Sau 5 ta halarci gasar Olamfik ta lokacin hunturu, daga 2006 zuwa 2022, kuma duk zuwan da ta yi sai ta dawo gida da lambar zinare wadda ta ci ita kaɗai. Kafin ita babu wanda ya taɓa yin haka, namiji ko mace, a wasannin bazara ko na hunturu. Lambobinta na Olamfik 13 ne: zinare 6, azurfa 5, tagulla 2.

Idan irin wannan labari ya iso majalisun unguwar Ƙofar Marke ta Sakkwato bayan sallar isha'i, amsa ɗaya ake ba shi: baiwa ce. Daga nan a rufe zance, a koma hirar ƙwallon Ingila. Wannan amsa tana da ban takaici, domin gaskiya ce da ake fakewa da ita a guje wa aiki. Baiwa daga Allah take, babu mai musu. Sai dai baiwa kan ba mutum nasara sau ɗaya ko biyu. Abin da ke riƙe mace a sahun gaba na duniya shekara 16, tun tana budurwa 'yar 19 har ta kai 35, abu ne da jama'a ke ginawa da hannunsu da kuɗinsu.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Fili ne mai siffar ƙwai, zagayensa mita 400, an daskarar da ruwa a kansa. 'Yan tsere na sa takalmi mai doguwar wuƙar ƙarfe a ƙasa, su sunkuya, su riƙa tura ƙafa gefe da gefe. Biyu-biyu ake sakinsu, suna musayar layi a kowane zagaye, amma abokin karawa na gaskiya agogo ne: bayan kowa ya gama, wadda lokacinta ya fi gajarta ita ta ci. Akwai tseren mita 500, 1000, 1500, 3000 da 5000. Mafi wuya a bakin masu yi shi ne na 1500, domin ya yi tsawo ga mai gudun fanfalaki, ya yi gajarta ga mai dogon numfashi. Nan ne Wüst ta fi ƙwarewa.

Ta fara zamiya tana kimanin shekara 11. A 2006, a birnin Turin na Italiya, ta ci zinaren mita 3000, ta bar 'yar ƙasarsu Renate Groenewold da Cindy Klassen ta Kanada a baya, sannan ta ƙara da tagulla a mita 1500. A 2007 ta zama gwarzuwar duniya a gasar da ake haɗa tsere huɗu cikin kwana biyu a tara maki, kuma a gida aka yi, a zauren Thialf da ke garin Heerenveen. Daga nan abubuwa suka ja baya. A 2008 ƙawarta Paulien van Deutekom ce ta karɓi kambun, a 2009 da 2010 kuma ya tafi hannun Martina Sáblíková ta Jamhuriyar Cek. A Olamfik ta Vancouver a 2010 ta shiga tseren mita 3000 tana riƙe da kambunsa, ta fita babu lamba ko ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan haka ta ci zinaren mita 1500.

Waɗannan shekaru na koma-baya sun fi shekarun nasara darasi. 'Yar wasan da ta yi shekaru tana shan kaye ba ta rasa albashinta ba, ba ta rasa mai horar da ita ba, ba ta rasa likita da filin atisaye ba. Tana cikin ƙungiyar ƙwararru da kamfanin inshora na TVM ke ɗaukar nauyi, ƙarƙashin mai horarwa Gerard Kemkers, aka yi haƙuri da ita har ƙarfinta ya dawo. Da ya dawo, ta riƙe kambun duniya shekara huɗu a jere, daga 2011 zuwa 2014. A Sochi ta Rasha a 2014 ta kwashi lambobi 5, fiye da kowane ɗan wasa a wannan gasa: zinare a mita 3000, zinare a tseren ƙungiya tare da Jorien ter Mors da Marrit Leenstra, da azurfa a mita 1000, 1500 da 5000. Cikin lambobi 36 da aka raba a wannan fanni a Sochi, 23 Holan ta tafi da su, ƙasar da a lokacin mutanenta ba su wuce miliyan 17 ba.

Akan ce ai ƙasarsu ƙasar sanyi ce. Asalin abin haka ne: Holan cike take da magudanan ruwa, idan hunturu ya daskarar da su mutane kan bi ta kai daga gari zuwa gari. Shahararren tserensu na garuruwa 11 a lardin Friesland, mai tsawon kusan kilomita 200, tun 1909 ake yin sa, sau 15 kacal aka samu yin sa, kuma rabon da a yi tun Janairun 1997 saboda ƙanƙarar ta daina yin kauri. Ke nan duk tashen Wüst ya zo ne bayan yanayi ya juya wa ƙasar baya. Abin da ya riƙe wasan shi ne hukumarsa da aka kafa tun 1882, da ƙananan ƙungiyoyi na unguwa da ƙauye, da filayen ƙanƙarar inji da aka gina a sassan ƙasar. An yi wa Thialf rufi a 1986, shekarar da aka haifi Wüst. Takalmin da take sawa, wanda diddigensa ke ɗagawa ya bar wuƙar manne da ƙanƙara, masana ne a wata jami'ar Amsterdam suka ƙirƙiro shi, ya karɓu a kakar 1996 zuwa 1997. Yarinya a can tana shiga ƙungiyar garinsu, a ɗauki lokacinta a rubuta, ta je gasar lardi, ta je ta ƙasa, kowace shekara a gwada lokacinta na bana da na bara. Kuma suna ba ya saya wa kowa gurbi: kafin kowace Olamfik sai an yi gasar tantancewa a Thialf a ƙarshen Disamba, gwarzuwar duniya da sabuwar shiga duk agogo ɗaya ke raba su.

Yanzu a dubi gida. Najeriya ba ta rasa mata masu baiwa ba. Mary Onyali ma sau 5 ta je Olamfik, daga 1988 zuwa 2004, ta samo tagulla biyu. Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996 ta kawo zinare. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, da daƙiƙa 12.12. Amma al'adar ƙasar ita ce a jira sai 'yar wasa ta ci, sannan a kira ta fadar gwamnati, a yi mata kyautar gida da kuɗi da lambar girmamawa, a ɗauki hoto. Shekarun da ta yi tana neman kuɗin mota zuwa atisaye babu mai tambaya. Bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Legas a 1973, wanda ya kamata ya zama matattarar zaƙulo matasa, an yi shi a 2012, ba a sake yi ba sai 2018. Duk yarinyar da ƙarfinta ya kawo cikin waɗannan shekaru 6 ta wuce ba a gan ta ba. A Tokiyo a 2021 an hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle 10 na Najeriya shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta tanada ba, aikin da ba nasu ba ne. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma wakiltar Amurka, ta ci azurfa a jifan guduma a Faris a 2024. A wannan gasa ta Faris an bar sunan Favour Ofili a waje a tseren mita 100 bayan ta cancanta, tawagar ƙasar kuma ta dawo hannu rabbana. Wannan sakaci ne tsagwaronsa, kuma waɗanda ke da alhakinsa albashi suke karɓa don kada hakan ta faru.

Wannan halin 'yan wasan kudancin ƙasar ke nan, inda aƙalla akwai waɗanda ake yi wa sakacin. A Sakkwato abin ya fi haka muni, domin yarinya ba ta ma kaiwa inda za a manta da sunanta. A lungunan Ƙofar Marke 'yan mata na gaɗa da tsallen igiya da tsere, kuma kowace unguwa ta san yarinyar da ba a kama ta a guje. Ta shiga firamare, ta ci tseren gasar gidaje ta makaranta, a ba ta faranti ko littafin rubutu, a tafa mata. Babu wanda ya riƙe agogo, babu wanda ya rubuta lokacinta, babu wata gasa ta gaba da za a tura ta. Filin wasa na Giginya na nan a cikin gari, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan, amma babu tsanin da ya haɗa waccan yarinya da waɗannan wurare. Rijiya ta bayar, guga ne ya hana.

Masu cewa addini da kunya sun hana suna da damuwa ta gaskiya game da sutura da cakuɗa da maza, kuma maganinta tsari ne. Malamai sun san ruwayar tseren da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha. Ruqaya Al-Ghasara ta Bahrain ta ci zinaren mita 200 a wasannin Asiya na Doha a 2006 jikinta da kanta a rufe. Kuma garin da Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata 'yan uwansu a ƙarni na 19, bai kamata a koya masa yadda ake shirya harkar mata zalla ba. Ta gano cewa idan mata ne za su jagoranci mata, magidanta za su saki jiki, kuma haka aka yi. Makarantar 'yan mata mai katanga, malamai mata masu koyar da motsa jiki, alƙalan wasa mata, kayan wasa masu sutura, iyaye mata a wurin kallo: babu wanda ya fi ƙarfin ma'aikatar ilimi ta jiha a cikin waɗannan. Agogon ɗaukar lokaci da littafin rubuta sakamako ba su kai kuɗin fentin da ake yi wa dandamalin manyan baƙi ba.

Maganar rashin kuɗi ma ba ta tsaya da ƙafarta ba, idan aka leƙa tsallaken Illela. Nijar ta ɗauki kokawar gargajiya ta yi mata gasar Takobi tun 1975, aka fara a Tawa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, kowace jiha da filinta da tantancewarta, har ɗan ƙauye ya san hanyar da zai bi ya zama sarkin kokawa. Ƙasar da ba ta kai Najeriya arziki ba ta riƙe wannan tsari kimanin shekara 50. Kuma 'yar Nijar, Aminatou Seyni, ta zo ta huɗu a duniya a tseren mita 200 a 2022.

A koma ga Wüst: ta isa Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018 tana da shekara 31, bayan ta sake cin kambun duniya a 2017. Zinaren mita 3000 ya suɓuce mata da daƙiƙa 0.08, ya tafi ga 'yar ƙasarsu Carlijn Achtereekte. Kwana biyu bayan haka ta ci na mita 1500 a gaban Miho Takagi ta Japan, ta kuma samu azurfa a tseren ƙungiya. A Janairun 2019 Paulien van Deutekom ta rasu da ciwon dajin huhu tana da shekara 37, rashin da ya girgiza Wüst ƙwarai. Duk da haka a 2020 ta ci kambun duniya karo na 7.

A Beijin ta ƙasar Sin, a Fabrairun 2022, Takagi ce ake sa ran za ta ci mita 1500, domin ita ke riƙe da tarihin duniya a wannan tsere. Wüst ta gama cikin minti 1 da daƙiƙa 53.28, wato gudun kusan kilomita 48 a awa, sabon tarihin Olamfik, Takagi ta zo ta biyu. Ta ƙara tagulla a tseren ƙungiya, sannan ta yi tserenta na ban kwana a Thialf a watan Maris na wannan shekara. Filin ƙanƙarar birnin Tilburg, maƙwabcin garinsu, sunanta yake ɗauke da shi, yara na koyon zamiya a cikinsa. Tafiyarta ba ta bar giɓi a tawagar ba: a wannan gasa ta Beijin, Irene Schouten ta ci zinare 3, Jutta Leerdam ta ci azurfa a mita 1000, Antoinette de Jong kuma ta tsaya gefenta a kan dandamali da tagullar mita 1500.