Sauya Lambar Ƙofa Ba Tsaro Ba Ne

Akwai wata shawara da ta yi katutu a bakin wasu masu kula da kwamfutocin ofis. Idan shugaba yana son shiga kwamfutarsa daga gida ta manhajar Remote Desktop ta Windows, sai su ce a sauya lambar ƙofarta daga 3389 zuwa wata, a buɗe ta ga intanet, shi ke nan an tsare. Wannan yaudarar kai ce, kuma lokaci ya yi da za a daina biyan kuɗi a kanta.

Lambobin ƙofa a kowane adireshin intanet ba su wuce 65,535 ba. Manhajojin ɓarayi suna bin su dare da rana, shafin Shodan kuwa yana baje kolin waɗanda aka samu a buɗe. Da zarar an ƙwanƙwasa, yadda kwamfutar ke amsawa shi ke tona asirinta, ko wace lamba aka ba ta. Daga nan sai gwajin kalmomin sirri, har a wayi gari an kulle takardun albashi da bayanan abokan ciniki, ana neman kuɗin fansa.

Mai tinƙaho da kalmar sirri mai ƙarfi ya tuna da BlueKeep. A watan Mayun 2019 Microsoft ta toshe wannan ɓaraka, wadda ke bai wa mahari damar kutsawa cikin tsofaffin Windows ba tare da suna ko kalmar sirri ba. Haɗarin ya kai har XP, da aka daina kula da ita tun 2014, sai da aka yi mata faci.

Hanyar da ta dace sananniya ce. A rufe ƙofar daga waje gaba ɗaya. Mai shigowa ya bi ta VPN, ko ta RD Gateway, wadda ke naɗe haɗin cikin HTTPS ta ƙofa 443. A kunna NLA domin a tantance mutum kafin a nuna masa allon shiga, a ƙara tantancewa ta biyu ta waya, a kuma sa asusu ya kulle idan kuskure ya yawaita.

Za a ce wannan akwai tsada da ɗawainiya. Haka ne, sai dai bai kai tsadar mako guda ofis na zaune ba aiki ba. Gobe da safe ku tambayi mai kula da kwamfutocinku ta ina ake shigowa daga waje. Idan amsarsa lamba ce kawai, to ofishinku a buɗe yake kwana.