Sa Hannu Kaɗai Ba Ya Tsare Daji

Ran 17 ga watan Janairu, 2001, saura kwana uku ya sauka daga mulki, Shugaba Bill Clinton na Amurka ya sa hannu a wata sanarwa wadda ta keɓe kimanin eka 377,000 ta ƙasar gwamnati a bakin Kogin Misuri, cikin Jihar Montana. Wuri ne na kwazazzabai da fararen duwatsu, wanda ruwa da iska suka daɗe suna zaizaya, ba ya nomuwa sai kiwo. Ta nan ayarin Lewis da Clark ya bi cikin 1805, kuma har yanzu akwai ragunan dutse masu manyan ƙahoni.

Babu shakka keɓewar ta dace. Manyan itatuwan bakin kogin suna tsufa ba tare da isassun masu maye gurbinsu ba, domin madatsun ruwa sun rage ambaliyar da irinsu ke bukata kafin ya tsiro, wanda ya tsiro kuwa shanu su cinye shi. Ƙasa mai zaizaya idan ta lalace ba ta saurin farfaɗowa.

Amma hanyar da aka bi ta bar baya da ƙura. Shugaban ya dogara ne da wata doka ta 1906 wadda ta ba shi ikon keɓe wuri ba sai ya je Majalisa ba. Kimanin eka 80,000 ta filayen mutane ta faɗa cikin iyakar da aka shata. Ko da yake sanarwar ba ta hana kiwo ba, ba ta kuma ƙwace filin kowa ba, makiyaya da yawa sun ɗauka an yi musu aski ne a bayan idonsu.

Haɗarin wannan hanya ya fito fili cikin 2017, sa'ad da Shugaba Trump ya sa a sake duba irin waɗannan wurare. Na Misuri ya tsira, amma an zabge kimanin kashi 85 cikin ɗari na Bears Ears a Jihar Utah, sai cikin 2021 Shugaba Biden ya mayar da shi. Watau abin da alƙalamin mutum ɗaya ya ɗaure, alƙalamin wani yana iya kwancewa. Mil 149 na kogin kuwa, waɗanda Majalisa ta kare da doka tun 1976, ba su shiga wannan ruɗani ba.

Saboda haka ya kamata Majalisar Amurka ta tabbatar da iyakar wurin da dokarta, bayan an zauna da makiyaya an daidaita kan yawan shanu, da lokacin kiwo, da mashayar da za ta nisanta su daga ƙananan itatuwa. Lalle ma'aikacin gwamnati yana iya shata iyaka a kan taswira, amma mai kwana kusa da daji shi ke tsaronsa.