Marubucin Tarihi Ba Maroƙi Ba Ne

Akwai waɗansu mutane, har da masu ilmin zamani, waɗanda da sun ji yaro ya ce zai karanta tarihi sai su yi tsaki. Su ce ai wannan tatsuniya ce, ko kuwa aikin maroƙa. Wannan magana tasu kuskure ce babba, ta kuwa jawo hasara. Irin wannan ra'ayi ne ya sa aka fitar da darasin tarihi daga ƙananan makarantun Nijeriya a 2009, sai bayan kimanin shekara goma aka soma mayar da shi.

Maroƙi yakan faɗi abin da zai faranta ran ubangidansa, a ba shi riga. Masanin tarihi kuwa sai ya ji bakin wannan dattijo, ya ji na wancan, ya duba takardun dā, sa'an nan ya auna, ko da sakamakon zai ɓata wa manya rai. Wazirin Sakkwato Junaidu ya ƙare rayuwarsa cikin tattara littattafan magabata da nazarinsu. Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 don adana takardu da bincike. Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana tambayar tsofaffi, kafin littafinsa na tarihin Katsina ya fito a 1981. Wa zai kira wannan zaman banza?

Mutanen Karaye da Rogo sun ga amfanin abin da idonsu. A 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarautar yanka. A 2024 aka rushe, daga baya aka mayar da ita a daraja ta biyu. Cikin wannan gardama duka, kowane ɓangare da tarihi ya kafa hujja. Ashe abin da aka raina, shi ake nema ran da magana ta yi zafi.

To, tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ambaci Karaye cikin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa, amma labarin sarakuna ya sa gaba. Manoma da maƙera da fatake na garuruwa irin Gwangwan, labarinsu yana bakin tsofaffi, tsofaffi kuwa kullum tafiya suke yi. In aka binne dattijo ba a rubuta abin da ya sani ba, an binne iyakar gonaki da asalin unguwanni tare da shi.

Saboda haka wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci, ya sami abin yi da alƙalaminsa. Ya zauna gaban dattawan garinsu, ya rubuta abin da suka faɗa, ya sa sunan mai faɗa da kwanan wata, kada ya ƙara gishiri. In kuma ɗansa ya ce zai karanta tarihi a Jami'ar Bayero, ya sa masa albarka. Garin da bai haifi mai rubuta labarinsa ba, baƙo zai rubuta masa yadda ya ga dama.