Asusu a ƙetare: a bambanta falke da ɓarawo

Tun ranar 30 ga Yuli 2023, da ƙungiyoyin CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi saboda juyin mulkin da aka yi kwana huɗu kafin nan, tambaya guda ta shiga bakin ƴan kasuwar Agadas: ta yaya mutum zai buɗe asusu a bankin wata ƙasa alhali ba can yake zaune ba? Babban bankin BCEAO ya rufe ƙofofinsa a ƙasar, bankuna suka ƙayyade abin da mai ajiya zai iya cirewa, mai miliyoyi a takarda ya koma bin layi domin ƴan jikkuna. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma tambayar ba ta tafi tare da shi ba.

Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Dattawan kasuwa ba su manta da rushewar bankin BDRN a 1990 ba, lokacin da ajiyar jama'a ta maƙale shekara da shekaru. Ba su manta da Agusta 1993 ba, sa'ad da aka daina fansar takardun sefa da suka fita daga yankin. Balle Janairu 1994, da aka karya darajar sefa a taron Dakar, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. A dare guda wanda ya riga ya kai dukiyarsa Paris ya wayi gari ta ninka, malamin makaranta kuwa, mai bin gwamnati bashin albashin watanni, ya tarar kuɗin magani da na kayan shigowa sun fi ƙarfinsa. Tun daga ranar talaka ya ɗauka cewa asusun waje laima ce ta manya, kuma ba a ga laifinsa ba.

Sai dai ba kowa ne mai neman asusu a ƙetare yake gudu da dukiya ba. Agadas gari ne da ya rayu a kan hanya tun zamanin ayari, lokacin da fataken Abzin suke sauke gishirin Bilma a ƙasar Hausa, su bar ajiya hannun mai masauki a Kano sai wata shekara. Jikokinsu ne yau suke sayo kaya a Dubai da Sin, suke ɗauko taliya da dabino daga Tamanraset, suke aika albasar Abzin zuwa Akara. Akwai maƙeran azurfa da masu sayen kayansu suke Turai, akwai masu cinikin zinariya tun bayan da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014, akwai ma'aikacin da ɗansa yake karatu a Maroko ko Turkiyya. A wurin waɗannan, asusun waje kayan aiki ne kamar sikeli da mota.

Da farko a san abin da doka take kira waje. Asusu a Lome, Kwatano, Abijan ko Wagadugu ba na ƙetare ba ne, domin ƙasashe takwas na UEMOA kuɗinsu ɗaya, babban bankinsu ɗaya. Ƙetare shi ne Kano, Aljiyas, Akara, Dubai, Paris. Dokar UEMOA mai lamba 09 ta 2010 ta yarda matafiyi ya buɗe asusu a inda ya je, ya zuba guzurin da ya fita da shi ta halal da abin da ya samu a can, da sharaɗin ya maido da kuɗin cikin kwana 30 bayan ya dawo gida. In ban da wannan, sai da izinin ministan kuɗi bayan amincewar BCEAO. Ita ce kuma ta ƙayyade takardun kuɗin waje da matafiyi zai fita da su a kan kimanin sefa miliyan 2. An sabunta dokar a Disamba 2024, amma tushenta yana nan: mazaunin yankin ba ya ajiya a waje gaba gaɗi. Izinin kuwa a Yamai ake nemansa, tafiyar sama da kilomita 900 daga Agadas a kan hanyar da kowane direba ya san halinta.

In an tsallake ƙofar gida, saura ta waje, wadda ta fi tsauri. Bankin ƙetare yana son fasfo, da shaidar wurin zama, da bayanin asalin kuɗi, sau da yawa kuma yana son ganin mutum ido da ido, ya zuba ajiyar farko mai tsoka. Shaidar wurin zama a wurinsu ita ce takardar kuɗin lantarki ko ta ruwa mai ɗauke da sunan mutum da na titi. Ina mai gida a tsohon gari, wanda mitar NIGELEC take da sunan kakansa, zai samo irinta? Ina mai sayen zinariya hannu da hannu zai samo rasit? A Nijeriya sai da lambar BVN, wadda aka fito da ita a 2014, mai haɗe da zanen yatsu. A Faransa akwai dokar da ta ba mutum haƙƙin mallakar asusu, amma ba ta shafi Ba'agadashen da yake zaune a garinsu ba. Banki yana iya korarsa ba tare da ya faɗi dalili ba, ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun Janairu 2024. Dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram sun sa bankunan duniya suna ƙyamar duk takardar da ta fito daga Sahel, sai aka yi wa mai gaskiya da maras gaskiya kuɗin goro.

Sakamakon haka a bayyane yake. Wanda aka hana shi ƙofa ta katanga yake shiga. Wani ya ɗaura kuɗi a ƙugu ya ratsa hamada. Wani ya ba dillali sefa a Agadas, a ba shi dala a Dubai bisa amana, ba takarda ba shaida. Mafi hatsari shi ne aron suna: ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a asusun ƙane ko aboki mai takardar zama a waje. A idon banki da alƙalin waccan ƙasa, mai suna shi ne mai kuɗi. Ranar da ya rasu, dukiyar ta shiga gadon matarsa da ƴaƴansa. Ranar da aka bi shi bashi ko haraji, a kanta za a faɗa. Ranar da zumunci ya ɓaci, babu inda za a kai ƙara, domin mai ƙarar da kansa ya taka doka.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya ƙetare iyaka ya tsira. Bankin BCCI, mai rassa a ƙasashe sama da 70, an garƙame shi ranar 5 ga Yuli 1991. A Saifurus, a 2013, masu ajiyar da ta haura yuro 100,000 a babban bankin kasuwancin ƙasar sun yi asarar kusan rabin abin da ya ɗara wannan adadi. A Labanan, tun 2019, ajiyar dala ta maƙale, har da ta Kwarorin da suka tara ta a Afirka ta Yamma. Kusa da gida, a Afrilu 1984 Janar Buhari ya canza launin naira ya rufe iyaka, fataken Maraɗi da Damagaram suka tashi da buhunan takarda. Daga Yuni 2023 zuwa Fabrairu 2024 kuma dala ɗaya ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500. Wanda ya gudu daga sefa zuwa naira a lokacin, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Dokar kanta ba banza aka yi ta ba. Kuɗin wajen da suke taruwa a BCEAO su ne suke riƙe sefa a kan 655.957 kowane yuro tun 1999, da su ake biyan magani da shinkafa da kayan injuna. In kowa ya kwashe nasa, kowa zai sha wuya. Aibin shi ne ragar tana kama ƙananan kifi, manya suna yaga ta su wuce. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna ɓatan kimanin sefa miliyar 76 a cinikin kayan soja. Mai shagon taya a kasuwar Agadas nawa za a tara kafin a kai wannan adadi? Ba a ji masu irin wannan ciniki suna kukan rashin takardar lantarki ba.

Saboda haka gyaran guda uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin hukuma. Na farko, a buɗe teburi a Agadas, ko a baitulmalin jiha ko a majalisar ƴan kasuwa, inda mai rajistar kasuwanci da lambar haraji zai ajiye takardunsa, a rubuta masa abin da ake buƙata da Hausa da Tamashek, a sa wa'adin amsa, in an ƙi a faɗi dalili a rubuce. Na biyu, a matsa wa bankunan gida su riƙa biyan masu kaya a Sin da Dubai cikin kwanaki, da kuɗin aiki sananne manne a bango, domin galibin masu neman asusun waje biyan kaya kawai suke so. Na uku, duk wanda aka ba amanar dukiyar ƙasa, daga minista zuwa shugaban duwan na kan iyaka, ya bayyana asusun da yake da shi a ƙetare ranar kama aiki da ranar barinsa, a kuma buga a jaridar gwamnati.

Shi kuma ɗan kasuwa, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ya adana rasit da takardun duwan, domin su ne shaidar asalin kuɗinsa a gida da waje. Ya buɗe asusu da sunan kansa ko ya haƙura. Ya sanar da magadansa sunan banki da lambar asusu, domin ajiyar da mai ita kaɗai ya sani, tare da shi ake binne ta. Ma'aikacin gwamnati da albashinsa sananne ne kuwa ya tuna cewa ranar tambaya tana zuwa, kuma asusu ba ya rantsuwa, lissafi yake nunawa.

Ƙasar da take son dukiyar ƴaƴanta ta kwana a gida, sai ta tabbatar masu cewa abin da suka ajiye da yamma za su same shi da safe. Kafin wannan ranar, mafi ƙarancin adalci shi ne a buɗe wa falke ƙofa da haske, a tsare ɓarawo a bakinta. Allah ya sa masu iko su ji.