Da Wane Mudu Muke Awon Sunan Berti Vogts?

A gidajen kallon ƙwallo na Boɗinga da Shagari, in gardama ta kaure kan wane ya fi wane, mudu biyu kaɗai ake fitowa da su: yawan ƙwallayen da mutum ya ci, da yawan masu bin sa a intanet. Mu muna ganin mudun nan duka biyu algus gare su, kuma Berti Vogts, Bajamushen nan, ya ishe mu shaida.

Vogts ya buga wa Jamus ta Yamma wasa 96, ƙwallo ɗaya tak ya ci. In da lissafin nan ne, ai ba kowa ba ne. Alhali kuwa shi aka ɗora wa tsaron Johan Cruyff a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1974, ya manne masa kamar kaska, Jamus ta ci Holan 2 da 1. Bai taɓa barin Borussia Mönchengladbach ba, ya ci gasar ƙasarsu sau biyar tare da ita, sa'an nan a 1996 ya kai Jamus ga Kofin Turai yana mai horarwa. Aikin ɗan baya hana ci ne, kuma abin da aka hana faruwa ba ya shiga ƙidaya.

To, amma ambaci sunansa a nan, in ma an gane shi, tsaki za ka ji. Abin da muka riƙe shi ne 2008, lokacin da yake horar da Super Eagles, Gana ta fitar da mu a Akara da 'yan wasa goma. Haushin nan halal ne, mu ma da sauransa a zuciya. Sai dai yini guda ba ya shafe aikin shekara talatin. Ga kuma Gernot Rohr, wanda bai taɓa buga wa babbar ƙungiyar Jamus ba, sunansa ya fi zama a bakinmu don ya zauna da mu daga 2016 zuwa 2021, ya kai mu Rasha inda Ahmed Musa ya ci Iceland biyu. Watau abin da idonmu ya gani muke aunawa, mu ce shi ne darajar mutum.

Abin da ya fi damunmu, mudun nan bai bar namu na gida ba. A 1980 ɗan garin Shagari, Shugaba Shehu Shagari, shi ya miƙa wa Christian Chukwu Kofin Afirka a Legas bayan an ci Aljeriya 3 da babu. Chukwu ma ɗan baya ne. Ya rasu a 2025, kuma ɗalibai nawa ne cikinmu suka san shi kafin a sanar da rasuwarsa?

Jamusawa suna da rubutaccen tarihin kowane wasa na Vogts, don haka tsakinmu ba ya rage shi da komai. Chukwu ko aƙalla jaridu sun rubuta shi. Saura samarin da ke tashin ƙura a filayen makarantun Boɗinga, a garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, wanda har yau ake karatun littattafansa. Muna roƙon ƙungiyar ɗalibai ta sayi littafi guda, ta naɗa mai rubuta sunayen 'yan wasa da sakamakon kowace gasar hutu, har da na masu tsaron baya.