Ruwa da Fifita Ba Sa Tayar da Zuciya

Wannan makon kanmu za mu taɓa, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Idan babban mutum ya yanke jiki ya faɗi a Ƙofar Dundaye, me muke yi? Mu yanyame shi, wannan ya kwara masa ruwa, wancan ya hau fifita, samari su zaro waya. Sai an gaji a tare Keke Napep a nufi UDUTH. In ya cika a hanya mu ce kwana ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma sakaci ma sunansa sakaci.

Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wane keke ne zai kai asibiti a wannan lokacin?

Masu kallon ƙwallo sun ga misali. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ran 12 ga Agusta 1989, bai tashi ba. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi ran 12 ga Yuni 2021, nan take aka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. A 2022 ya koma taka leda.

Irin na'urar da ake ajiyewa a bainar jama'a, AED, ba sai likita ba. Mutum bai amsa kira, ba ya numfashi ko kuma kakari kawai yake? A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya ruga ya ɗauko ta. A kunna, ita ke faɗin abin yi. A buɗe ƙirjin a goge shi ya bushe, wato ruwan nan da muke kwarawa aiki yake ƙara mana. Faci ɗaya ƙasan ƙashin wuya ta dama, ɗaya gefen hagu ƙasan hammata. Kowa ya janye hannu. Ba ta sakin lantarki sai ta ga zuciyar na buƙata. Daga nan a koma dannawa.

In mace ce, mata su matso, a kare ta da zane. Kunya ba hujjar barinta ta mutu ba ce.

Za a ce tsada. Mu da muke haɗa kuɗin tayil da lasifika da janareto a masallatanmu? Kwamitin masallacin Juma'a, shugabannin kasuwa da na tasha, ku sa ta a lissafin bana. Ma'aikatan jinya da ɗaliban likitanci da ke cikin wannan zaure, wa zai ba mu Asabar ɗaya ya koya mana danna ƙirji? Ku rubuta sunanku a ƙasa.