Gigin Tsufa: Kafin Mu Sayi Tabarau, Mu Zauna Da Kaka

Uwargida mai juna biyu, idan haihuwa ta matso, kowa ya san kaka ce za ta zo zaman jego. To amma a wasu gidaje a Kawo, Badarawa ko Unguwar Rimi, kakar ta fara ɗora ruwa a wuta ta manta, ko ta fita unguwa ta kasa gane hanyar gida. Sau da yawa wannan gigin tsufa ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma rigima ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi.

A ƙasashen Turai akwai wani tabarau mai aiki da kwamfuta. Wanda ya sa shi sai ya ga kansa a wata duniya, ana ba shi wasan tuna hanya ko tuna kaya. A 2017 aka fitar da wasan Sea Hero Quest na tabarau, masana a Ingila suka yi nazarin yadda mutane ke gane hanya da shi, domin ɓatan hanya na cikin alamomin farko na cutar Alzheimer.

A ganina, kada iyali su sa rai da wannan na'ura. Tana da tsada, tana sa wa wasu jiri, kuma ba ta warkar da ciwon. Amfaninta shi ne motsa ƙwaƙwalwa, wannan kuwa muna da hanyarsa a gida. Likitoci ma suna da tsarin tara tsofaffi sau biyu a mako, zama 14, ana hira da wasanni, an kuma gwada shi a Lalupon kusa da Ibadan.

Saboda haka a sa kaka ta yi wa jikoki tatsuniya, ta taya tsintar wake, a duba tsofaffin hotuna tare. Tsoho kuma a buga dara da shi. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri ko ruwan zafin wankan jego, amma kada a ware ta a ɗaki. A kawo ta asibiti a duba hawan jini, ciwon suga da jin kunnenta.

Ke ma uwargida, kada ki yi wasa da zuwa awo. Kula da hawan jini tun da ƙuruciya kariya ce ga ƙwaƙwalwa a tsufa. Allah Ya sauke ki lafiya.